Kwana Nawa Kwantenarka Za Ta Iya Jira?

Jawabin da aka gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya, gaban mambobin rassan Maraɗi, Damagaram, Ƙonni, Katsina da Kano

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawan kasuwa, Alhazai da Hajiyoyi, shugabannin rassa, masu motoci da direbobinmu, da ƙannenmu matasa da suka fara sa ƙafa a harkar shigo da kaya, barkanmu da sake ganin wannan rana. Waɗanda suka taso daga nesa, sannunku da hanya. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Kwamitin shirya taro ya ɗora mini magana a kan kwantena da abubuwan da ke tare ta a hanya. Zan tsaya a kan tambaya guda, wadda nake roƙon kowa ya riƙa yi wa kansa tun kafin ya tura kuɗin kaya: in kwantenar nan ta tsaya, kwana nawa zan iya jurewa kafin ribata ta ƙare, kwana nawa kuma kafin a fara cin uwar kuɗi? Ba mu da iko a kan rufe iyaka, ba mu da iko a kan abin da ke faruwa a teku. Amma yawan kwanakin da za mu iya jurewa, wannan a hannunmu yake, kuma ana shirya shi ne tun kaya ba su bar masana'anta ba.

Abin da muka gani a ƙofar gidanmu

A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Da yawa sun ɗauka abin na mako biyu ne ko wata guda. Sai a Disamba na 2020 aka buɗe mashiga huɗu, cikinsu har da Illela da Maigatari. Jibiya kuwa, ƙofar da Maraɗi da Katsina ke numfashi ta cikinta, sai Afrilu na 2022 aka buɗe ta. Ku lissafa watannin da ke tsakani.

Ranar 26 ga Yuli 2023 aka yi juyin mulki a Yamai. Kwana huɗu bayan haka ƙungiyar CEDEAO, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira ECOWAS, ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki. Gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, inda mafi yawan kayan Nijar da ke sauka a Kwatano suke tsallakowa, ta toshe. Motoci suka yi dogon layi, kwantenoni suka cika tasha, har a watan Oktoba hukumar tashar Kwatano ta dakatar da karɓar kayan da za su wuce Nijar, ba ta janye ba sai ƙarshen Disamba. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma Nijar ta bar tata ƙofar ta Gaya a rufe. Kuma a Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar.

Ba siyasa na zo yi ba. Abin da ya shafe mu shi ne lissafi. Daga Kwatano zuwa Yamai bai wuce kilomita dubu da ɗoriya kaɗan ba, kuma mai kayan Maraɗi ko Damagaram ba ya ma shiga Yamai, a Doso yake karkata gabas. Da hanyar ta koma Lome, kaya suka riƙa bi ta Sinkase su ratsa Burkina Faso, ta Kaya da Dori su shigo Tera, cikin ayari da rakiyar soja, sai an jira ayari ya cika kafin a tashi. Daga nan su shiga Yamai, sannan a fara sabuwar tafiya ta sama da kilomita 600 zuwa Maraɗi. Tafiyar da ake ƙirga ta da kwanaki ta koma ta makonni, kuɗin mota ya hau. Wanda ya riga ya san wani a Lome ya juya da wuri. Wanda bai san kowa ba sai wakilinsa na Kwatano, ya zauna jiran a buɗe gada.

Abin da ke faruwa a teku

Wani zai ce ai wannan masifar iyaka ce, teku lafiya lau take. Bari in tuna muku abubuwa huɗu.

A ƙarshen Agusta na 2016 kamfanin jiragen ruwa na Hanjin, na Koriya ta Kudu, wanda yake na bakwai a girma a duniya, ya karye. Tashoshi suka ƙi karɓar jiragensa don tsoron ba za a biya su ba. Jirage suka yi ta shawagi a ruwa ɗauke da kayan mutanen da suka riga suka biya kuɗin dako.

A Yuni na 2017 wata cutar kwamfuta ta shiga na'urorin kamfanin Maersk. Ba jirgin da ya nutse, ba tashar da ta ƙone, amma kwanaki aka yi ba a iya karɓar oda ko sallamar kaya yadda aka saba. Kamfanin da kansa ya ce asararsa ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Ranar 23 ga Maris 2021 jirgin Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gitta a mashigin Suwez ya toshe shi. Kwana shida aka yi kafin a janye shi, jirage sama da 400 suna jira. Ga abin da ba a cika faɗa ba: sauran jiragen kwana shida suka rasa, amma shi kansa hukumomin Masar sun riƙe shi har 7 ga Yuli saboda rigimar diyya. Masu kaya a cikinsa sun jira fiye da wata uku, kuma aka nemi su ba da nasu kason na kuɗin ceto kafin a sakar musu kaya. Zan dawo kan wannan.

Daga Nuwamba na 2023 hare-haren ƴan Huti na Yaman a Bahar Maliya suka sa manyan kamfanoni suka daina bi ta Suwez, suka koma zagayen kudancin Afirka, abin da ke ƙara kwana goma ko fiye tsakanin Asiya da Turai. Mafi yawan kayanmu na Sin dama ta kudancin Afirka suke zuwa, to me ya kawo mu ciki? Jiragen duniya da akwatunan kwantena ƙirgaggu ne. In tafiyar Turai ta ƙara tsawo, tana cinye jirage da akwatuna, sai su yi ƙaranci a Guwanju da Ningbo, farashi ya tashi ga kowa, har da mai kai kaya Lome. Haka aka gani lokacin korona, inda a Satumba na 2021 matsakaicin kuɗin dakon kwantena mai ƙafa 40 a manyan hanyoyi ya haura dala 10,000.

Kowane ɗaya cikin waɗannan dalilinsa daban: wani bashi, wani kwamfuta, wani iska da yashi, wani yaƙi. Ba wanda ya hango su. Amma abin da suka yi wa mai kaya iri ɗaya ne, sun ƙara masa kwanaki. Shi ya sa na ce kada mu ɓata lokaci wajen duban wace masifa ce za ta zo gaba. Mu shirya wa jinkirin kansa.

Yadda kwana ke cin kuɗi

Kwantena da ta sauka a tasha kamar haya ce mai mitoci uku, kowace tana ƙirga nata.

Na farko, akwatin ba naka ba ne, na kamfanin jirgi ne. Yana ba ka wasu kwanaki kyauta. In sun ƙare kwantena tana cikin tasha, sai ya fara cajin ka kowace rana. Shi ne dimareji a bakin ƴan Najeriya, sirestari a bakin masu Faransanci. Na biyu, filin da kwantenar ke zaune na masu tasha ne, su ma suna da nasu kuɗin ajiya, daban da na kamfanin jirgi. Na uku, in ka fitar da ita daga tasha, agogo bai tsaya ba sai ranar da ka mai da akwatin babu kaya. Mu da ke nesa da teku wannan na ukun ya fi cizon mu, domin akwatin sai ya zo Maraɗi ya koma, kuma kuɗin jinginar da ka ajiye suna hannun kamfani har ya dawo. Ku lura kuma, kuɗin nan hawa-hawa suke: na mako na uku ya fi na makon farko.

Mu yi misali da lambobi masu sauƙi, kowa ya sa nasa a gurbinsu. A ce ka zuba sefa 20,000,000 a kaya, kana sa ran ribar 3,000,000. A ce bayan kwanakin kyauta, mitocin nan gaba ɗaya suna cin 25,000 a rana. Raba 3,000,000 da 25,000, ka sami kwana 120. Ranar ta 121 ba riba ake ci ba, jari ne. In kuma rabin kuɗin bashi ne da ke da wa'adi, ko kayan na Salla ne, ko masu lalacewa ne irin madara da tumatirin gwangwani da magani, to kwanakinka ba su kai 120 ba, wataƙila ko rabinsu ba su kai ba. Wannan lambar nake so kowa ya rubuta a bangon fayil ɗin kowace kwantena.

Akwai mita ta huɗu ga masu sayarwa da naira. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa a farkon Yuni na 2023 tana wajen 460 a dala a farashin hukuma, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta wuce 1,500. Wanda ya sayi kaya da dala, ya yi alkawarin farashi da naira, sannan kaya suka makara wata uku, ya san abin da nake faɗa.

Daga ƙarshe, kayan da suka daɗe ba a fitar ba, doka ta ba duwan, wato kwastan, damar ɗaukar su a matsayin waɗanda aka yasar, ta yi gwanjonsu. Kowace ƙasa da nata wa'adin. Ka tambayi wakilinka wa'adin tashar da kake aiki da ita, ya ba ka a rubuce.

Abin da ake yi kafin kaya su taso

Na ɗaya, kalanda. Sabuwar shekarar Sin tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu su rufe makonni, kafin rufewar kuma kowa na rububin jirgi. Akwai wani hutun a makon farko na Oktoba. Azuminmu kuma kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. A 2025 hutunsu ya kama 29 ga Janairu, azumi ya kama farkon Maris. A 2026 mako guda ne ya haɗa su. Mai son atamfa da takalma da kayan yara su riski kasuwar Salla, a irin waɗannan shekarun tun kaka ya kamata odarsa ta fita. Kayan Salla da suka iso ran hawan Salla sun zama kayan baɗi.

Na biyu, kwanakin kyauta abin ciniki ne. Ana neman ƙari lokacin da ake kama wuri a jirgi, kafin a loda, a rubuta shi cikin takarda. A lokacin kamfani ne ke neman kayanka. Bayan kwantena ta sauka kai ne ke roƙo. Mafi yawanmu muna barin mai sayarwa ko wakilin Guwanju ya zaɓa mana jirgi mafi araha, ba mu tambayi kwana nawa aka ba mu ba. Rangwamen dala ɗari a kuɗin dako ba ya biyan asarar kwana goma na kyauta.

Na uku, takarda. Jinkiri mai yawa a ofis ake haifar da shi, tun kafin a zo maganar iyaka. Takardar lodin jirgi, konesima, ita ce shaidar mallakar kaya, wanda ke riƙe da asalinta shi ke da kaya. Ka duba ta tun tana daftari: sunan mai karɓa, yawan kaya, nauyi, lambar kwantena da lambar hatimi, da kuma bayanin cewa kayan masu wucewa ne zuwa Nijar. In wannan bayanin ya faɗi, gyara shi bayan jirgi ya iso yana cin kuɗi da kwanaki. Takardar bin sawun kaya ta hukumar CNUT a yi ta a kan lokaci. Ragowar kuɗin mai sayarwa a biya shi jirgi yana ruwa, don ya saki takarda kafin kaya su sauka. Kuma a faɗi gaskiyar abin da ke ciki. Batir da turare da sinadarai suna da dokarsu a jirgi. Wanda ya ɓoye su a bayan katan ɗin takalma, ranar da na'urar duba kaya ta gan su, kwantenar gaba ɗaya ce za ta tsaya.

Na huɗu, nauyi. Tun Yuli na 2016 ba a loda kwantena a jirgi sai da shaidar nauyinta. A kan tudu kuma akwai doka ta 14 ta ƙasashen UEMOA a kan nauyin da kowace ƙafar mota za ta ɗauka. Abin da jirgi ya yarda da shi ba lalle sikelin hanya ya yarda ba. Masu tayil da ƙarfe da shinkafa su lissafa da mota, kada su tsaya a kan jirgi.

Na biyar, bin sawu. Lambar kwantena haruffa huɗu ce da lambobi bakwai. In ka sa ta a shafin intanet na kamfanin jirgin, za ka ga inda take, ka ga ko an sauke ta a wata tasha tana jiran wani jirgi. Yaron shagonka zai iya duba maka ta waya sau biyu a mako. Bai kamata mai kaya ya zama na ƙarshe da zai ji labarin kayansa ba.

Hanya ta biyu

Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su dogara da hanya ɗaya ba. Aikin madugu ne ya san inda ake yaƙi, inda sarki ya tsananta kuɗin wucewa, inda kogi ya cika, ya sauya zango tun ayari bai faɗa ciki ba. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, cinikin goro bai mutu ba, ya koma wasu garuruwa kamar Kete Karachi, inda Hausawa suka kafa sabon zango.

A yau tashoshin da za su iya ciyar da mu sun haɗa da Kwatano, Lome, Tema, Abijan, da na Legas, wato Apapa da Tinkan da sabuwar tashar Lekki da aka buɗe a 2023. Akwai tashoshin tudu a Kaduna da Kano. Akwai aikin layin dogo na kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Daura da Katsina da Jibiya, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu na 2021. Kowace hanya da nata ciwon: wata nisa, wata tsaro, wata cunkoso, wata yawan shingaye.

Abin da nake so a gane shi ne, hanya ta biyu ba a kan taswira take ba. Hanya ta biyu ita ce wakilin fitar da kaya da ka taɓa aiki da shi, mai motar da ya san ka, da lissafin kuɗi da ka taɓa biya da hannunka. Saboda haka ko lokacin da komai ke tafiya daidai, mai kawo kwantena biyar a shekara ya bi da ɗaya ta wata tashar, ko da ta fi tsada kaɗan. Wannan ƙarin kuɗin makaranta ne. Ranar da babbar hanya ta toshe kowa zai ruga can, kuma wakili tsohon abokin cinikinsa zai fara saurara.

Mai kwantena ɗaya fa? Shi ne ya fi kowa shiga haɗari, domin duk abin da ya mallaka yana cikin akwati guda. Ga shawara: mutum huɗu da suka yarda da juna, maimakon kowa ya cika tasa, kowa ya sa rubu'in kayansa a cikin kowace ɗaya daga kwantenoni huɗu, su taso a lokuta daban, ko ta tashoshi biyu. In ɗaya ta maƙale, kowa rubu'insa ne ya tsaya, shago bai rufe ba. Sharaɗinsa a rubuta yarjejeniya, kowa ya bayyana abin da ya sa, domin laifin mutum ɗaya a takarda yana tsayar da kayan mutum huɗu.

Maganar inshora

Inshora, ko asiransi, tana da amfani, amma a san iyakarta. In ka sayi kaya a kan sharaɗin CIF, mai sayarwa ne ke yanka inshora, kuma abin da ƙa'ida ta wajabta masa shi ne mafi ƙanƙanta, wadda ake kira sharaɗi na C. Tana ɗaukar manyan haɗura kamar gobara da nutsewar jirgi, ba ta ɗaukar sata ko jiƙewar kaya da ruwan sama. Sau da yawa kuma a tashar ruwa take ƙarewa, alhali mu haɗarinmu mafi girma yana tsakanin tasha da sito. Ka nemi sharaɗi na A, a rubuta cewa har sitonka na Maraɗi ko Damagaram ko Kano. Yaƙi da tarzoma ba sa ciki sai an ƙara su daban, kuma ko an ƙara, inshorar yaƙi ta kayan jirgi a ruwa take aiki, ba ta bin mota a kan tudu.

Abu biyu kuma. Inshorar kaya ta yau da kullum ba ta biyan asarar jinkiri, ba ta biyan dimareji. Sannan tana ƙarewa bayan kwana 60 da sauke kwantena daga jirgi, ko da kaya ba su iso ba. In kayanka sun maƙale, ka nemi a tsawaita ta kafin kwanakin su cika.

To me ya sa za a yanka? Ku tuna Ever Given. Akwai tsohuwar dokar teku ta asarar tarayya: in an kashe kuɗi ko an zubar da wasu kaya don ceton jirgi, duk masu kaya a ciki sai su raba asarar gwargwadon darajar kayansu, ko da naka ko ƙwarzane bai yi ba. Mai inshora, kamfaninsa ne ke tsaya masa. Marar inshora sai ya ajiye tsabar kuɗi kafin a ba shi kayansa. Waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful masu lasisi a Najeriya, a tambaye su abin da suke ɗauka.

In kaya sun riga sun maƙale

Makon farko ya fi kowane mako daraja. In jirgi yana ruwa, kana iya neman kamfani ya sauya tashar sauka. Ana biyan kuɗi, ana mai da asalin takarda, kuma ya fi yiwuwa kafin a ɗora kwantenar a jirgin ƙarshe. In ta riga ta sauka, ka rubuta wa kamfanin jirgi da masu tasha takardar neman rangwame nan take, ka ajiye kwafi, kada ka bari sai kuɗi sun taru. Ka tambaya ko za a yarda a juye kayan a sito da ke ƙarƙashin duwan a mai da akwatin, don mitar kamfanin jirgi ta tsaya. Ka lissafa ko biyan harajin ƙasar da kayan suke a sayar da su a can ya fi jira. Kuma ka sa wa kanka rana: in ranar kaza ta yi ba a buɗe ba, zan sayar ko zan juya. Kalmar da ta fi cin dukiyar mutane a 2019 da 2023 ita ce "gobe za a buɗe".

Masu fitar da kaya, masu albasar Galmi da wake da aya da riɗi, lissafin nan naku ne ku ma, kuma kwanakinku sun fi namu gajarta.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Shugaba, ina da roƙo huɗu da nake so a sa cikin abin da za a tattauna.

A tattara yawan kwantenonin da mambobi ke kawowa a shekara, a je wa kamfanonin jiragen ruwa da lamba guda a nemi ƙarin kwanakin kyauta da sassaucin kuɗin jingina. Mai kwantena biyu ba a jin muryarsa, amma in an haɗa na ɗaruruwan mutane za a ba mu kujera.

A buɗe rajistar wakilan fitar da kaya da masu motoci da mambobi suka gwada suka gamsu, aƙalla a tashoshi uku, a riƙa sabunta ta duk shekara.

A naɗa mutum ɗaya a kowane reshe mai tattara labarin hanya daga direbobi, ya tantance kafin ya watsa. Direba ne ke fara sanin an rufe hanya, kuma jita-jita a WhatsApp tana sa mutum ya juya kayansa a banza.

A kafa asusun gaggawa, kowace kwantena ta riƙa zuba wani abu kaɗan, a riƙa ranta wa mamban da kayansa suka maƙale kuɗin fitar da su, ya biya in ya sayar. Mun saba da adashi, mun saba da gudummawar biki da ta rasuwa. Akwai ƴan'uwanmu da kayansu suka salwanta a tasha saboda kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na darajar kayan ba, kuma a lokacin ba wanda ke da tsabar da zai ranta musu, don kowa nasa a maƙale yake. Asusun da aka tara lokacin sauƙi shi ne maganin wannan.

Iyayena da ƴan'uwana, kwantenar da za ku yi oda bayan wannan taro, kafin ku tura kuɗi ku zauna da alƙalami ku fitar da lambar nan ta kwanaki. In ta yi kaɗan, ku rage kayan, ko ku raba su, ko ku nemi ƙarin kwanakin kyauta, ko ku ajiye wani abu a gefe. Allah Ya ƙara wa ƙungiya albarka, Ya tsare direbobinmu a hanya, Ya sa mu ga na baɗi lafiya.